Daddoyar da Ba ta Miya Ba

Mahaifina bai yarda na tafi Dubai aiki ba sai da sharaɗi ɗaya: duk gidan da zan zauna ya zama na Musulmi. Na dafa ƙirji na ce to, alhali ko taswirar garin ban taɓa gani ba. Da na iso sai na tarar albashin mai gwajin jini a asibiti ba ya zaɓen maƙwabta. Abin da ya iya kama mini shi ne wani ɗan ɗaki da aka yanka da katako daga falon wani fulat a Al Qusais, hawa na huɗu, bayan jerin manyan sito na kaya. Ɗakin gaske guda ɗaya ne a gidan, kuma mata biyu ke cikinsa, dukansu aikin jinya suke yi. Ɗaya Ba'indiya ce mai bin addinin Hindu, ɗayar 'yar Sirilanka mai bin Buddha. A waya na gaya wa Baba cewa Musulmai ne, masu kunya. Kunyar kam suna da ita.

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba: na raina su. Raini irin wanda mutum ke yi yana murmushi, yana miƙa gishiri, yana tambayar ya aiki.

Ba'indiyar ta girme ni da kusan shekara goma. A cikin durowar kayanta ta ware kanta guda ta jera hotuna: wani mai kan giwa, wata mai hannaye barkatai, wani shuɗi riƙe da sarewa. Akwai 'yar fitilar tagulla da ƙaramar ƙararrawa. Kullum da safe in ta yi wanka sai ta buɗe durowar ta kunna fitila ta kaɗa ƙararrawa. Lokacin ni ina kan darduma ina lazimi, katako ne kawai tsakaninmu, sai in ja tsaki a ciki in ƙara istigfari, nata da nawa. Wata rana a kicin, tana murza fulawa, na tambaye ta wai su nawa ne allolin nan nata.

“Ɗaya ne, sista,” ta ce. “Fuskokin ne da yawa. Kowa da wadda yake iya kallo.”

Na ce a raina wannan amsar wanda aka ƙure ce. Ta ƙara da cewa a wurinsu rai ba ya ƙarewa da mutuwa, yana sake dawowa a wani jikin gwargwadon aikin da ya shuka, haka zai yi ta zagaye har ranar da ya kuɓuta.

Na ce, “Wato bayan duk wahalar Dubai ɗin nan sai na sake dawowa na nemi wata biza?”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ta ɗauka wasa nake.

'Yar Sirilankar ta fi ba ni haushi, don ita ko abin yin gardama ba ta bar wa mutum. A kan kabad ɗinta akwai ɗan mutum-mutumi na wani a zaune, ya lanƙwashe ƙafafu, ido a lumshe. Gabansa kofin ruwa da fure. Na tambaye ta me take roƙonsa. Ta ce ba komai, mutum ne, malami, ya rasu tuntuni. Na ce to furen fa? Ta ce tana ajiyewa ne don ta ga yana yaushi, ta tuna ba abin da ke dawwama. Kuɗi take sawa ta sayo fure don ta kalli mutuwarsa! A cewarta duk wahalar ɗan Adam daga kwaɗayi take da riƙon abin da ba ya zama. Mu da muka tsallako teku neman dirhami, wa zai yi wa wani wa'azin kwaɗayi? Tana da alkawura biyar da take maimaitawa kowace safiya: ba kisa, ba ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ba lalata, ba ƙarya, ba abin maye. In wata ya cika sai ta sa fararen kaya ta ƙi cin abinci bayan azahar, ta zauna tana bin numfashinta kamar wadda aka ce za a sace mata shi. Kyankyaso in ya fito a kicin, da kofi da takarda take kama shi ta kai shi matattakala ta saki, washegari ya dawo da iyalinsa. Amma busasshen kifi kam tana ci. Wani ya kashe, ita ta ci, hannunta fes.

Doka ɗaya ce a gidan, tun kafin na zo: naman sa ba ya shigowa. Ba'indiyar ba ta cin nama ko kaɗan, amma ta haƙura da kazata da ragona muddin a tukunyata suke. Saniya ce kawai ta ce a yi mata rai, don su uwa suka ɗauke ta. Na yarda, ina taɓe baki. Da Fulanin garinmu sun ji, da sun ce mu ma muna son saniya, amma ba mu kai nan ba.

Sai kuma shukar. A barandar gidan, wadda ba ta fi faɗin darduma biyu ba, akwai tukunyar ƙasa mai jan fenti, cikinta wata 'yar bishiya da ta kai mini gwiwa. Ganyenta duhu ne, mai sirkin shuɗi, ga jan zare ɗaure a gindinta. Ranar da na fara ganinta na murza ganye ɗaya na shinshina na ce, “Kai, daddoya!” Ba'indiyar ta zabura kamar na mintsini jaririnta. Ta ce sunanta tulsi, ba a tsinkar ta haka kawai, ba a matsarta da takalmi. Shuka ce mai tsarki, kowane gida a garinsu da tasa a tsakar gida, mata ke ba ta ruwa da safe su kunna mata fitila da yamma, kuma ganyenta ake sa wa mai gargarar mutuwa a baki. Wannan ɗin daga irin ta tsakar gidan mahaifiyarta ta fito. Uwar ce ta ƙulle mata ƙwayar irin a bakin gyale ranar da za ta taho. Sau uku tana shukawa zafin Dubai yana cinyewa, a na huɗu ta kama. Ta yi mata rumfa da tsohon zanin gado, in zafi ya tsananta ta jawo ta bakin ƙofa ta sha sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ni dai abin da na gani ganyen farfesu ne ake yi wa hidimar sarauta.

Mahaifiyar ta rasu a shekarata ta biyu a gidan. Da shekara ta zagayo, cikin watan Agusta, Ba'indiyar ta ɗauki hutun mako uku za ta je a yi addu'o'in cika shekara irin nasu. Lokacin an tura 'yar Sirilankar jinyar wata tsohuwa a Sharjah, kwana biyu kawai take yi a gida a mako. Ana gobe za ta tashi, Ba'indiyar ta tsaya bakin katakona riƙe da 'yar butar tagulla.

“Sista, alfarma nake nema. Ki ba ta ruwa kullum da safe. Buta ɗaya.”

Na ce, “Ruwa zan ba ta, yadda ake ba kowace shuka. Ba rusunawa, ba fitila.”

“Shi kaɗai na roƙa.” Ta miƙo butar da hannu biyu. “Shekara uku ina jin ki kina tashi da asuba, ba ki taɓa makara ba, ko kin dawo daga aiki a gajiye. Mai wannan ba za ta manta ba.”

Na karɓa, kaina ya ɗan fasu. Na ce a raina ashe dai ko su sun san inda gaskiya take. Mako na farko na cika alkawari. In na sallame salla sai in cika buta in fita in zuba, har takalmi nake cirewa, ina gaya wa kaina don kada in jiƙa shi ne.

A mako na biyu Gwaggo ta sauka.

Yayar Baba ce, 'yar kasuwa, abaya da mayafai take sarowa. Da otal take sauka a Deira, amma tun da ta ji 'yar ƙaninta na da fulat sai otal ya zama almubazzaranci. Mace ce mai carbin nan na zamani a yatsa, tana dannawa tana cin naman mutane, ba ɗayan da ke jiran ɗaya. Da safe za ta shiga Murshid Bazaar ta wuni tana ce wa Indiyawa habibi, tana shan shayinsu, tana roƙon su rage mata. Da yamma ta dawo ta baje a gadona ta ce arnan nan ba su da amana. Mayafin Chana take saye ta sa a liƙa masa takardar Turkiyya kafin a kai wa masu kago, masu jigilar kaya zuwa Kano. Kuma duk abin da idonta ya gani a Dubai, kafin jirgi ya sauka Kano ya riga ta isa kunnen Baba.

Na shirya mata. Na kulle ɗakin matan biyu na ɓoye makulli. Na yi wa 'yar Sirilankar waya na roƙe ta in ta zo ta yafa gyale, ta riƙa rufe ƙofa. Ta ce gyale ba wuya, amma in aka tambaye ta addininta za ta faɗa. Na ce Gwaggo ba ta jin Turanci sai na ƙirgen kuɗi, ba mai tambayar ki. Haka kuwa aka yi, ni aka tambaya.

“Ke, wannan baƙar Ba'indiyar ban ga tana salla ba.”

“Fashi take, Gwaggo.”

Mako ya zagayo ta sake zuwa, Gwaggo ta bi ta da ido daga ƙofa har kicin. “Wannan fashin nata ba ya ƙarewa ne? Ku da kuke asibiti ku duba ta mana.”

Ranar da ta fara leƙa baranda don shanya, ina tsaye a bayanta. Ta sunkuya ta shinshina.

“Wannan fa? Kamar daddoya.”

Nan ne wurin. Kalma shida sun isa: ta maƙwabciyata ce, kar ki taɓa. Amma na san Gwaggo. Za ta ce don me, me ya sa aka ɗaura mata zare, wace irin Musulma ce ke ɗaura wa shuka jan zare, buɗe mini ɗakin nan in gani. Sai na ce, “Daddoya ce, Gwaggo. Ni na shuka, saboda kewar gida.”

“Allah sarki, 'yar nan,” ta ce, ta dafa kaina. “Ashe ba ki manta asali ba.”

Kwananta na takwas, na dawo daga aikin safe wajen la'asar. Tun daga hawa na uku ƙamshi ya tare ni, ƙamshin tsakar gidanmu ranar Sallah. Na tarar da ita a kicin ta ɗaura zani a ƙirji tana fifita da murfin tukunya.

“Yalla, maza wanke hannu. Jelar sa na samo wurin wani Bapakistane a Satwa. Kin rame kamar ba ki da dangi, sai kaza kamar mai jego.”

Na san dokar gidan sarai. Na kalli ƙofar da na kulle, na ce ai masu dokar ba sa nan, zan wanke komai in kunna turaren wuta. Na zauna a ƙasa na ci. Wallahi ban taɓa cin farfesu mai daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba don in rage wa kaina laifi. Naman ya narke, yaji ya ji, ga wani ƙamshi mai kamar kanumfari yana hawa kai. Na cinye kwano na miƙa aka ƙara. Ina tsotsar ƙashi na ce, “Gwaggo, a ina kika samo daddoya a garin n...”

Ban ƙarasa ba. Na ajiye ƙashin na tashi.

A baranda tukunyar jan fenti tana nan inda take. Abin da ya rage a cikinta wani ɗan kututture ne, tsawon yatsa, an yanke shi shar da wuƙa, jan zaren yana nan a gindinsa. Sauran ganyen an baza a farantin silba ana shanyawa. Kawunan furen, inda irin yake, ta zubar a shara tare da ledar nama, kuma ta riga ta kai sharar ƙasa, don Gwaggo akwai tsafta.

“Gwaggo, har gindi?”

“Haka ake mata, ta fi tofo. Ke 'yar boko me kika sani? Kin bar ta ta tsufa har ta yi fure, ganyen ya yi baƙi. Kalas, shi ke nan, nan da sati biyu ki ga yadda za ta yi.” Ta leƙo fuskata. “To meye na zare ido? Daddoya ce fa, ba zinare ba. Ko rowa za ki yi wa yayar ubanki?”

Me zan ce? Ni na ce tawa ce. Na koma na zauna, ta tura mini sauran romon, na ce na ƙoshi. Bayan kwana biyu ta ɗaure busasshen ganyen a leda ta cusa a jakar hannu, wai za ta yi shayi a jirgi, na raka ta filin jirgi da ƙullin kayanta. Washegari Baba ya kira ni. Ya ce Gwaggo ta ba shi labari, gida tsaf, maƙwabta masu kamun kai, har daddoya nake shukawa a ƙasar Larabawa. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin.

Kututturen na ba shi ruwa safe da yamma, na jawo shi bakin esi, har magana na yi masa. A zafin Agustan Dubai ko mai ganye da ƙyar take sha, balle wadda aka yi wa aski. Kwana uku ya yi baƙi ya ƙeƙashe.

'Yar Sirilankar ta dawo daga Sharjah ta same ni tsugune a gabansa. Na gaya mata komai, har jelar san, don ina neman wanda zai ce mini tir in ji sauƙi. Ta tsuguna gefena ta daɗe tana kallo.

“Wadda ta yanka ba ta sani ba,” ta ce. “Nauyinta kaɗan ne. Mu niyya muke aunawa.”

Na san da wa take. Raina ya ɓaci. Ni za a koya wa niyya? Tun ina 'yar shekara bakwai a Islamiyya na haddace maganar niyya da Larabci. Sai ga mai kai kyankyaso matattakala tana auna mini ita a baranda.

Saura kwana biyu Ba'indiyar ta dawo na hau jirgin ƙasa na tafi Bur Dubai, wani lungu da ake sayar da furanni da fitilun ibadarsu. Na ja mayafi na rufe rabin fuska kada in haɗu da ɗan Kano. Mai shagon ya ce tulsi iri biyu ce, mai duhun ganye da mai kore, amma mai duhun ta ƙare sai wani watan. Na duba mai koren. Tsawonsu ɗaya, ƙamshin kusan ɗaya. Na ce ganye ai ganye ne, mace ta yi mako uku tana kuka a garinsu, wa ya ce za ta tsaya duba launi? Na rungumo ta a jirgi, Indiyawa suna matsa mini wuri suna kallona da girmamawa.

A gida na tumɓuke kututturen, na kwance jan zaren na ɗaura wa sabuwar, na dasa ta a tukunyar jan fenti, na danna ƙasa da kyau. Tsohon na jefa a kwandon shara. 'Yar Sirilankar tana tsaye bakin kicin tana kallona. Ta wuce ni ta sa hannu a sharar ta ciro shi, ta kakkaɓe, ta sa a robar yogot ta kai ɗakinsu.

“Ki rufa mini asiri,” na ce. “Don ita nake yi. Me zai ƙara mata in ta sani, ban da baƙin ciki?”

“Ba zan fara faɗa ba. In ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba.”

Sai na faɗi abin da ya daɗe a cikina. “Ke da kika ce ba ki da wanda kike roƙo, ba wuta ba hisabi, tsoron wa kike ji?”

“Ba tsoro ba ne, sista. Ƙaryar in na yi ta, a jikina za ta zauna. Ni zan yi ta yawo da ita.”

Na ja tsaki, wannan karon a fili, na shige ɗakina na ja labule.

Ranar Juma'a da rana Ba'indiyar ta iso. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ba kowaccenmu kwalin alewar madara irin tasu, ta zauna a kan akwatinta a falo tana cire takalmi. Ta ce an yi komai lafiya, an ciyar da mutane, an yi wa uwar abin da ya kamata. Sai ta ce yayanta ya sayar da gidan mahaifiyar tasu. Masu gini har sun rushe tsakar gidan, wurin shukar uwar yanzu tulin bulo ne. Ta je ta tona ko za ta samu saiwa, ba ta samu ba.

“Saura ta nan kawai,” ta ce. Ta tashi ta wanke hannu da ƙafa ta nufi baranda.

Ina kallon bayanta ta gilashi. Sabuwar shukar tana ta sheƙi a rana, kore shar, ta fi tsohuwar kyau nesa ba kusa ba. Ba ta matsa kusa ba ma. Daga bakin ƙofa ta tsaya, ta daɗe, sannan ta juyo.

“Ina tawa?”

Na ce zafi ne. Na ce bana an yi zafin da ba a taɓa yi ba, na yi iya ƙoƙarina, safe da yamma, ta bushe, na ji kunyar gaya mata shi ya sa na sayo wata. Maganar tana fita sumul, ni kaina na yi mamaki. Ta ce to ina busasshiyar, don ko ta mutu ba a yar da ita a shara, ruwa ake kai ta. Kafin in ƙirƙiro wata, 'yar Sirilankar ta shiga ɗaki ta fito da robar yogot.

Ba'indiyar ta karɓa da hannu biyu, yadda ta ba ni buta. Ta shafa kan kututturen da babban yatsa. Ma'aikaciyar jinya ce, ta san aikin wuƙa in ta gani.

“Yanka aka yi.”

Na ce gwaggota ce ta zo, tsohuwa ce, ba ta sani ba, a garinmu ganyen abinci ne. Wannan duk gaskiya ne. Ta tambaya me aka yi da ganyen. Na ce shayi.

“Shayi,” ta maimaita. Na ga fuskarta ta ɗan saki. Ta ce mahaifiyarta ma takan dafa wa masu tari, in dai don magani ne ba laifi, tulsi ba ta ƙin mara lafiya. Sai ta ɗaga kai, ta tsallake ni da ido kamar ba na wurin, ta dubi 'yar Sirilankar.

“Shayi ne?”

Ni ce na yi salla biyar a gidan nan shekara uku. Ni aka zaɓa saboda asuba. Ga shi ana neman shaidar maganata a bakin wadda na ce ba ta da wanda take tsoro. 'Yar Sirilankar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta, kuma na san in aka sake tambaya za ta faɗa. Ban yi maganar don jarumta ba. Na riga ta ne kawai.

“Farfesu ne,” na ce. “Da jelar sa. Ni ma na ci. Kwano biyu.”

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da na fi so. Ta tafi famfon kicin ta wanke kututturen a hankali, ta naɗe shi a farin hankici, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Washegari ban ji ƙararrawa ba. Da safe ina kan darduma na ji fitarsu su biyu. Daga baya na ji bakin ruwan Deira suka je, ta sake shi a can.

Na yi zaton za ta tashi daga gidan, ko ta sa a tashe ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da gaishe ni, tana miƙo gishiri in na nema, tana tambayar ya aiki, da murmushin da na sani sarai don ni na saba yi mata shi.

Kwana uku bayan haka na dawo daga aiki na tarar da sabuwar shukar a bakin ɗakina. An juye ta a wani tsohon bokitin roba, an kwance jan zaren. Tukunyar jan fenti tana baranda a kife, an wanke ta. Ba'indiyar tana kicin tana murza fulawa. Na tsaya da jakata a kafaɗa na ce ban gane ba, ai ita na sayo wa.

Ba ta ɗago ba.

“Wannan taki ce, sista,” ta ce. “Ki sa a miya.”